Gasar Tsallen Dusar Ƙanƙara ta Matasa a Garin Salisbury: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan sanyi ya kai maƙura a arewa maso gabashin Amurka, wajejen watan Fabrairu, wani ƙaramin gari mai suna Salisbury a jihar Connecticut yakan cika da baƙi. Abin da ke kawo su shi ne yara da matasa, maza da mata, waɗanda ke gangarowa daga kan hasumiya a kan dogayen alluna biyu, su tashi sama kamar shirwa, su dira can a gindin tudu. Mutanen garin ba su kai 5,000 ba, amma sun karɓi baƙuncin gasar matasa ta ƙasa baki ɗaya a 2011 da 2016 da 2022. Ga amsoshin tambayoyin da mutum zai so ya yi idan ya fara cin karo da wannan wasa.

Wane irin wasa ne wannan tsallen?

Ɗan wasa yana ɗaura allunan zamiya guda biyu a ƙafafunsa, kowanne ya fi shi tsawo. Sai ya hau can ƙololuwar hasumiya ya zauna a kan wata sanda da aka gitta. Idan kocinsa ya sauke hannu ko tuta, sai ya saki sandar, ya tsuguna, ƙirji a kan gwiwa, hannaye a baya, ya zurara a kan layuka biyu da aka yanka daidai faɗin allunan. Babu birki, babu juyawa. Da ya iso bakin magangarar sai ya miƙe ƙafafu da ƙarfi, ya kwanta a kan iska, allunan a buɗe a gabansa. Bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ya sauka a kan gangaren tudu, ya ci gaba da zamiya har ya tsaya a fili.

Akwai wani abu da yawancin masu kallo ba su sani ba. Bakin magangarar ba sama yake kallo ba. A karkace yake zuwa ƙasa da kimanin digiri 10 ko 11. Wato ba katakon ba ne ke cilla yaro sama, ƙarfin cinyarsa ne da kuma dacewa da lokaci. Wanda ya yi gaggawar miƙewa ko ya makara da ƙiftawar ido, ya yi asarar mitoci masu yawa, kome ƙarfinsa.

Asalin wasan daga ƙasar Norwe ne. Tsallen farko da aka auna aka rubuta shi ne na wani hafsan soja, Olaf Rye, a 1808, mita 9.5. Wasan yana cikin gasar Olamfik ta hunturu tun karon farko da aka yi ta a Chamonix ta Faransa a 1924.

A kan ƙanƙara ake yi kamar wadda ke faɗowa da damina?

A'a. Ƙanƙarar da muka sani, mai tauri kamar tsakuwa, wadda ke ɓarnata amfanin gona, daban take. Dusar ƙanƙara laushi gare ta, tana saukowa kamar audugar rimi, ta taru a ƙasa. Sai dai ba a tsalle a kanta haka nan. Sai an tattake ta, an daddaɓe, an baje ta ta yi sumul kamar daɓen ɗaki. Idan ta yi laushi allo zai nutse ya kayar da mutum, idan kuma ta daskare ta zama gilashi sauka ta yi wuya.

Ina ne Salisbury, kuma yaya aka yi wasan 'yan Norwe ya kafu a can?

Salisbury yana can ƙuryar arewa maso yammacin Connecticut, inda jihar ta yi iyaka da New York da Massachusetts. Ƙasa ce ta tuddai da tafkuna da dazuzzuka. A da an san garin da haƙar tama da narkar da ƙarfe, har ya ƙera igwa a lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka.

Labarin tsallen kuwa ya faro ne da mutum ɗaya, John Satre, ɗan Norwe da ya zo garin neman abinci a shekarun 1920, yana aikin tuƙin mota. A 1926 ya so ya nuna wa maƙwabtansa wasan ƙasarsu, sai ya hau rufin wani ɗan ɗaki da allunansa, ya zuraro, ya tashi, ya dira a ƙasa lafiya. Gani ya kori ji. Mutanen gari suka haɗu suka share gefen wani tudu, aka gina wurin tsalle, kuma a watan Janairun 1927 aka yi gasar farko, 'yan kallo fiye da 200. 'Yan'uwan Satre suka biyo shi daga Norwe. Kafin a ankara, a 1933 garin ya karɓi gasar ƙasa ta manya, kuma a Olamfik ta 1936 a Garmisch-Partenkirchen ta Jamus biyu daga cikin 'yan gidan, Magnus da Ottar, suna cikin tawagar Amurka.

Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da kome. A 1945 aka farfaɗo da harkar a ƙarƙashin ƙungiyar da ke riƙe da ita har yau, wadda ake taƙaita sunanta da SWSA, wato ƙungiyar wasannin hunturu ta Salisbury. Tudun kuma aka sa masa sunan Satre. Daga cikin yaran da suka taso a kansa akwai Roy Sherwood, wanda ya ci gasar ƙasa a 1954, cutar shan inna ta kama shi, ya warke, ya koma horo, ya wakilci Amurka a Olamfik ta 1956 a Cortina ta Italiya. Duk yaron da ya hau tudun nan a yau yana jin wannan labari a bakin manya.

Me ya sa ake kai gasar ƙasa ƙaramin gari, ga manyan birane?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin a nan ne sirrin wasan yake. Tsallen dusar ƙanƙara a Amurka ba kasuwanci ba ne. Ba ya tara kuɗin talabijin kamar ƙwallon kwando, kuma manyan wuraren shaƙatawa na hunturu ba su cika sha'awar riƙe hasumiyar tsalle ba, don tsada gare ta kuma masu hawanta kaɗan ne. Inda wasan ya rayu shi ne inda jama'ar gari suka ɗauke shi a matsayin gadonsu: Ishpeming da Iron Mountain a Michigan, Westby a Wisconsin, Brattleboro a Vermont, Steamboat Springs a Colorado, Fox River Grove a Illinois. Yawancinsu garuruwa ne da 'yan ci-rani daga Norwe da maƙwabtanta suka zauna, suka bar wa jikoki tudu da ƙungiya.

A Salisbury aikin gayya ne tsantsa. Masu fesa dusar ƙanƙara da tsakar dare, masu tattake gangare da ƙafa, masu auna nisa, masu sayar da tikiti, masu dafa abinci, masu ajiye motoci, duk 'yan sa-kai ne, da safe kowa ya koma sana'arsa. Babbar shaida ita ce abin da ya faru kafin gasar 2011. Tsohuwar hasumiyar katako ta gaji, ba ta cika sharuɗɗan gasar ƙasa ba. Maimakon su haƙura, mutanen gari suka tara ɗaruruwan dubban daloli ta hanyar gudunmawa, suka rushe ta, suka kafa ta ƙarfe cikin lokaci. Gari mai mutum kimanin 4,000 ne ya yi wannan, saboda yaran da galibinsu ba 'ya'yan garin ba ne.

A ganina wannan ya fi kowace lambar yabo daraja. Hukuma tana iya gina katafaren wurin wasa don biki guda, bayan shekara goma ciyawa ta cinye shi. Abin da ba a saye da kuɗi shi ne dattijon da zai tashi da asuba cikin sanyi ya ɗauki manjagara ya gyara gangare don ɗan wani ya sauka lafiya. Haka abin yake a Turai ma. Adam Małysz, gwarzon Polan, ɗan ƙaramin garin Wisła ne, kuma Planica da ake kafa tarihin duniya a cikinta kwari ne a tsakanin duwatsun Silobeniya, ba birni ba.

Su wane ne ke shiga gasar matasan?

An raba Amurka shiyya biyar a wannan wasa: gabas, tsakiya, shiyyoyi biyu na yankin duwatsun yamma, sai Alaska. Kowace shiyya tana yin nata gasanni a cikin hunturu, ta zaɓi waɗanda suka cancanta, kuma karɓar baƙuncin gasar ƙasa yana zagayawa tsakanin shiyyoyin. Shi ya sa take dawowa Salisbury bayan 'yan shekaru. Ana fafatawa a rukunin 'yan ƙasa da shekara 16 da na 'yan ƙasa da 20, maza daban mata daban. Akwai gasar kowa-tasa-ta-fisshe-shi, akwai ta tawaga inda ake haɗa makin 'yan wasa, akwai kuma gasar haɗaka da tseren zamiya.

Kada a haɗa wannan da bikin shekara-shekara na garin, wanda suke kira Jumpfest. Shi kwana uku ake yi, Juma'a zuwa Lahadi, kuma a cikinsa ake gasar zakarun shiyyar gabas, tare da gasar ƙananan yara a kan ƙananan tuddai.

Yaro ɗan shekara nawa ke farawa? Daga kan hasumiya ake tura shi?

Ko kusa. Da rarrafe yaro kan tashi. Yawanci ana farawa ne tun ana shekara 6 zuwa 9, kuma ranar farko ba a ma maganar tsalle. Yaro zai fara da gangarowa daga gefen tudu kawai, da allunan zamiya na yau da kullum, har ya saba da gudu da tsayawa. Daga nan sai a tara masa ɗan tsibin dusar ƙanƙara da bai wuce gwiwa ba. Sai tudun mita 10, sai na 20, sai na 30. Kowane mataki yana iya ɗaukar hunturu guda ko fiye, kuma koci ne kaɗai ke cewa lokacin hawa na gaba ya yi, ba iyaye ba, ba kuma zumuɗin yaron ba. A Salisbury ƙananan tuddan suna nan kusa da babban, don haka ƙaramin yaro yana horo yana hangen inda zai je wata rana.

Ko bayan an kai babban tudu, tsarin iri ɗaya ne: sai ka gangara gangaren sauka sau da yawa ba tare da tsalle ba, ƙafarka ta san shi, kafin a bar ka ka hau hasumiya. Matashin da ake gani yana shawagi a gasar ƙasa ya yi tsalle ɗaruruwa, wani ma dubbai, kafin ranar.

Akwai horo mai yawa da ake yi a ƙasa busasshiya. Koci yakan tsaya, yaro ya tsuguna a gabansa kamar yana kan magangara, ya yunƙura, kocin ya cafe shi a kugu ya ɗaga shi sama a miƙe. Sai tsallen shinge, da tafiya a kan igiya, da miƙa jijiyoyi.

Shin ba ganganci ba ne a bar yara su yi wannan?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk uwar da ta ga hoton za ta yi ta. Haɗari akwai. Ana faɗuwa, ana tsinka jijiyar gwiwa, ana karya ƙashin kafaɗa, ana buguwa a ka. Matashi a babban tudun Salisbury yana iya kusan kaiwa gudun kilomita 80 a awa kafin ya bar magangara, kuma wannan ba abin wasa ba ne.

Amma hoto yana ruɗi. Mai ɗaukar hoto yakan tsaya a ƙasa ya ɗauko yaro a tsakiyar sararin sama, sai ka ɗauka daga saman bene mai hawa ashirin ya faɗo. Gaskiyar ita ce an sassaƙa tudun ne ya bi lanƙwasar tafiyar ɗan wasa. Yana tafiya gaba yana yin ƙasa, tudun ma yana yin ƙasa tare da shi, don haka tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa ba ta cika wuce mita uku zuwa biyar ba ko a manyan tuddai. Kuma ba a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake dira ba, a kan gangare mai tsananin karkata ne, wanda ke shanye ƙarfin saukar. Inda haɗarin ya fi yawa shi ne idan mutum ya zarce gangaren ya kusanci inda ƙasa ta fara miƙewa. Saboda haka ne alƙalan gasa ke da ikon sauko da sandar farawa ƙasa don rage gudu idan suka ga ana wuce gona da iri.

Babbar abokiyar gaba ita ce iska. Wadda ke busowa daga gaba tana tallafar ɗan wasa, ta baya tana danne shi, ta gefe kuwa ita ce mai kifar da mutum. Ana kafa ƙyallaye a gefen tudu don a ga inda take kaɗawa, kuma koci ba ya sauke tuta sai ta lafa. Idan ta ƙi, a dakatar da gasa ko a ɗage ta, kome yawan 'yan kallo.

Yaya ake sanin wanda ya yi nasara? Wanda ya fi nisa ne?

Ba lallai ba. Maki kashi biyu ne: na nisa da na salo.

A kowane tudu akwai wani layi a gangaren sauka da ake kira layin K, kuma da shi ake faɗin girman tudu. Na babban tudun Salisbury yana kan mita 65. Wanda ya sauka daidai kan layin yana da maki 60. A tudu mai wannan girma kowace mita ɗaya tana da maki 2.4, a ƙara wa wanda ya wuce, a rage wa wanda bai kai ba. A ƙananan tuddai mitar ta fi tsada, a manya ta fi araha: maki 2 a tudun mita 90, maki 1.8 a na 120. Ana auna nisa ne daga bakin magangara zuwa tsakanin ƙafafun ɗan wasa a inda ya sauka, ana lissafawa da rabin mita. A manyan gasanni kyamara ke yi, a ƙanana kuwa mutane ne ke jeruwa a gefen gangare, wanda aka sauka a gabansa ya ɗaga hannu.

Sai salo. Alƙalai biyar ne, kowanne yana iya ba da har maki 20. Ana jefar da mafi yawa da mafi ƙaranci, a haɗa ukun tsakiya, don kada son zuciyar mutum ɗaya ya yi tasiri. Suna duba natsuwa a sama, da sauka, da yadda aka ƙarasa. Saukar da ake so ita ce ta Telemark, sunan wani yanki a Norwe: ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannaye a buɗe.

Ga misali. A ce wata ta yi mita 62. Ta gaza layin da mita 3, makinta na nisa 52.8. Alƙalai suka ba ta 16, 16.5, 17, 17, 18. An cire 16 da 18, saura 50.5. Jimla 103.3. Wata kuma ta yi mita 66, makin nisa 62.4, amma da ta sauka ta dafa ƙasa da hannu, sai ukun tsakiya suka tashi 35.5. Jimla 97.9. Ta biyun ta fi nisa da mita huɗu, amma ta farkon ce a gaba. Tsalle biyu ake yi a haɗa. A gasannin duniya ana ƙara lissafin iska da na matsayin sandar farawa.

Me ya sa suke buɗe allunan kamar bakin almakashi?

Saboda sun fi kama iska a haka. Shekaru da dama ana tsalle ne da alluna a haɗe, a jere da juna, kuma shi ake ɗauka kyakkyawan salo. Wani ɗan Suwidin, Jan Boklöv, ya riƙa buɗe nasa a tsakiyar shekarun 1980. Alƙalai suka yi ta zabge masa makin salo, amma nisan da yake yi ya fi abin da suke ragewa, har ya lashe gasar cin kofin duniya ta kakar 1988 zuwa 1989. Cikin 'yan shekaru kowa ya koma salonsa, aka sauya doka.

Dalilin a fili yake. Idan alluna suna ƙarƙashin jiki, suna tare wa jikin iska. Idan aka buɗe su, jiki da alluna sun zama faffaɗan fiffike guda. Sepp Bradl na Ostiriya ne ya fara wuce mita 100, a Planica a 1936. A wannan wuri dai, a watan Maris na 2025, Domen Prevc na Silobeniya ya yi mita 254.5.

Waɗanne kaya ake bukata?

Alluna masu faɗi da tsawo fiye da na zamiyar yau da kullum, takalma masu tsawo da ke karkata gaba, maɗauri da ke riƙe yatsun ƙafa ya bar diddige ya ɗaga, hular kwano, tabarau, safar hannu, da riga mai kauri kamar soso wadda ta rufe jiki duka. Ƙasan alluna ana shafa masa kaki a goge, gwargwadon sanyin ranar. Kayan suna da tsada kuma ba a samunsu a kowane kanti, shi ya sa ƙungiyoyi irin ta Salisbury ke ajiye na aro, yaro ya girma ya bar wa na bayansa.

Rigar tana da dokoki masu tsauri, domin ɗan ƙarin yadi kaɗan yana zama fiffike. Ana auna yadda ta kama jiki da yadda iska ke ratsa ta. A gasar duniya ta 2025 a Trondheim an kama tawagar Norwe, masu masaukin baƙi, da sauya ɗinkin riguna a ɓoye, abin ya zama babban abin kunya ga ƙasar da ta haifi wasan.

An ce ana matsa wa 'yan wasa su rame. Gaskiya ne?

Wannan tabo ne da wasan ya daɗe yana fama da shi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Marar nauyi ya fi daɗewa a sama, sai 'yan wasa suka riƙa horar da kansu da yunwa har wasu suka kamu da ciwo. A 2004 hukumar wasannin zamiya ta duniya, FIS, ta ɗaure tsawon allo da nauyin jiki: iyakar tsawon a yanzu shi ne kashi 145 cikin 100 na tsayin ɗan wasa, kuma wanda ya rame fiye da ƙima dole ya yi amfani da gajeren allo. Dokar ta taimaka, amma ba ta kashe matsalar ba. Maren Lundby ta Norwe, wadda ta ci zinare a Olamfik ta 2018, ta ƙi shiga ta 2022 ta kuma faɗa a fili cewa ba za ta cutar da lafiyarta don rage nauyi ba. Ta kyauta. Yarinya 'yar shekara 14 da jikinta ke canzawa tana bukatar jin irin wannan magana daga bakin zakara. Duk kocin da ya fara yi wa yaro maganar ma'auni kafin maganar fasaha, iyaye su yi hattara da shi.

'Yan mata suna shiga sosai?

Suna shiga, kuma a ƙananan tuddai kafaɗa da kafaɗa suke horo da maza. Sai dai sun sha gwagwarmaya kafin a buɗe musu ƙofar sama. Shekara 90 maza suna tsalle a Olamfik ba tare da mata ba. Lindsey Van ta Amurka ta zama zakarar duniya ta farko a 2009 a Liberec ta ƙasar Czech, kuma tana cikin matan da suka kai ƙara kotu a Kanada don a sa su a gasar Vancouver ta 2010. Ba su ci shari'ar ba, amma a 2014 a Sochi ta Rasha aka yi gasar mata ta farko, Carina Vogt ta Jamus ta ɗauki zinare. A Maris na 2025 Nika Prevc, ƙanwar Domen, ta yi mita 236 a Vikersund ta Norwe.

Mece ce gasar haɗaka?

Wasa biyu ne a rana ɗaya: tsalle, sannan tseren zamiya na dogon zango a kan siraran alluna. Makin tsalle ake mayarwa daƙiƙoƙi. Wanda ya fi maki shi zai fara tashi, sauran su biyo shi gwargwadon tazarar da ya ba su, kuma duk wanda ya riga isa shi ya ci. Ana kiran tsarin da sunan Gunder Gundersen na Norwe wanda ya ƙirƙiro shi. Kociyoyi da yawa suna son yara su yi duka biyun, don tseren yana gina numfashi da juriya.

Idan dusar ƙanƙara ba ta sauka ba fa?

Sai a yi ta da hannu. Akwai injuna da ke fesa ruwa da iska mai ƙarfi, ruwan ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Amma injin ba ya aiki sai sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri biyu ko fiye, shi ya sa 'yan sa-kai ke kwana a tudu duk daren da sanyi ya samu, suna tara ta tsibi-tsibi don ranar gasa. Connecticut tana kudu da sauran jihohin da ake wannan wasa a gabas, kuma hunturu yana ƙara ɗumi. Ruwan sama na kwana ɗaya yana iya wanke aikin mako biyu. Wannan ita ce babbar barazana ga ƙananan ƙungiyoyi, ta fi rashin kuɗi.

Da bazara kuma ana iya tsalle a wuraren da aka shimfiɗa tabarmin roba. Wani koci a Jamus ta Gabas, Hans Renner, shi ya fito da dabarar a 1954. Ana jera zaren roba a kan gangare kamar yadda ake jera shuci a jinka, a jiƙa shi da ruwa, magangara kuma a yi mata layin tangaran ko ƙarfe. Garuruwan Lake Placid a jihar New York da Park City a jihar Utah suna da irin wannan, kuma can matasa ke zuwa horon bazara.

Ana samun kuɗi ko suna a wannan wasa a Amurka?

Kaɗan ƙwarai. A Polan, Jamus, Ostiriya da Silobeniya zakaran tsalle tauraro ne, dubban mutane ke cika fili. A Amurka kuwa lambar Olamfik ɗaya tak ƙasar ta taɓa samu a tsalle zalla a ƙarni na 20, ita ma da labari. Anders Haugen ya zo na huɗu a 1924. Bayan shekara 50 wani masanin tarihi a Norwe ya gano an yi kuskuren lissafi, sai aka kira shi Oslo a 1974 aka miƙa masa tagullarsa yana tsoho ɗan shekara 80 da ɗoriya. Yawancin yaran da ke tsalle a Salisbury ba za su je Olamfik ba, kuma iyayensu sun san haka. Abin da suke komawa gida da shi shi ne sanin yadda mutum ke zama a kan sanda, zuciyarsa na bugawa, ya saki hannu don ya yarda da horon da ya yi.

Akwai 'yan Afirka a wasannin hunturu?

Akwai, ko da yake a wasu fannoni ne. Kwame Nkrumah-Acheampong ya wakilci Gana a zamiyar gangare a Vancouver a 2010. Najeriya ta fara halartar Olamfik ta hunturu a 2018 a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu da tawagar mata masu tseren keken ƙanƙara, sannan Samuel Ikpefan ya yi tseren zamiya na dogon zango a Beijing a 2022. Tsalle ya fi wuyar shiga da girma, don yana son a fara tun ƙuruciya kusa da tudu. Iyalan da ke zaune a ƙasashen sanyi su ne ke da wannan dama, kuma ƙungiyoyin suna maraba da duk yaron da ya zo.

Wanda yake son zuwa kallo, me ya kamata ya sani?

Daga birnin New York tafiyar awa biyu da 'yan kai ce a mota. Jirgin ƙasa kuma yana kaiwa tashar Wassaic, daga nan a nemi mota. Masauki a garin kaɗan ne, gara a kama da wuri ko a yi sammako a dawo a ranar. A duba sanarwar ƙungiyar kafin a tashi, don iska ko ruwa suna iya sauya jadawali.

Sanyin ba irin na hunturunmu ba ne, kuma tsayuwa za a yi a kan dusar ƙanƙara na awoyi. Ƙafa ce ke fara mutuwa, saboda haka takalmi mai kauri da safa biyu sun fi babbar riga muhimmanci. A sa kaya hawa-hawa, a rufe kunne da yatsu. Ana hura wuta a filin, ana sayar da abinci mai zafi, kuma 'yan kallo suna kaɗa ƙararrawar shanu duk lokacin da ɗan wasa ya taso. Daren Juma'a ana tsalle a ƙarƙashin fitilu, ana kuma tseren raha inda mutane ke jan keken ƙanƙara a madadin karnuka.

Idan an samu dama a hau matakalar gefen tudu a tsaya kusa da inda suke wucewa. Daga nan ake jin ƙarar iska a jikin rigar, fuuu, sannan tas ɗin alluna a kan gangare. Ranar Asabar kuma a zo da wuri, don gasar ƙananan yara a tudun mita 20 da safe ake yin ta.